Daga Jigo zuwa Kachala: Aron Dabara a Fadamar Haɗejiya

Manomin fadama a ƙasar Haɗejiya bai taɓa jin kunyar aro ba. Jigon da kakanninsa suka yi ban-ruwa da shi, dogon itace mai guga a gaba da curin laka a baya, tun zamanin Fir'aunoni ake jan ruwa da irinsa a bakin kogin Nilu. Da ƙananan injinan ban-ruwa suka shigo a shekarun 1980, ya jingine jigo bai waiwaya ba. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 kuwa ya ƙara masa ƙaimi, fadamun da shanu ke kiwo da rani suka koma gonaki.

Injin ya zauna ne domin ya zo daidai ruwa daidai tsaki. Mutum ɗaya zai ɗaure shi a bayan babur. In ya ƙi tashi, bakanike ya wanke masa fulogi a bakin kasuwa, kafin la'asar ruwa na bin fangali.

Aron da gwamnati ta yi kuwa da wata fuska ya zo. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun bi salon manyan madatsu da duniya ke yayi a lokacin. Ba za a musa amfaninsu ba: Kano ta sha ruwa, Kadawa ta yi tumatir. Amma an aro ginin, ba a tambayi masu shi abin da ya sami mutanen gangare ba. Ambaliyar da a da ke zuwa da damina ta janye da kaka, ta bar danshi ga manomi, kifi ga masunci, ciyawa ga makiyayi, sai ta koma ruwan da ba ya ƙafewa. Nan ciyawar ruwa da ake kira kachala ta sami gindin zama. Ta toshe mashigai, ta karkatar da ruwa cikin gonakin Guri da Kirikasamma, ta zama makwancin tsuntsun janbaki mai cinye shinkafa tun tana madara. Binciken wani masani, Edward Barbier, da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar ya fi wanda aka tare wa aikin ban-ruwa na Kano kawo amfani nesa ba kusa ba.

Abin lura shi ne, ba Haɗejiya kaɗai wannan ciwo ya kama ba. Dam ɗin Diama da aka kammala a kogin Senegal a 1986 ya haifar da kachala iri ɗaya. A Rosso ta Muritaniya sai aka juya mata: a yanke ta, a shanya, a ƙona a ganga, a cure ta zama gawayin girki. A Senegal har jinka ake yi da ita.

Sai dai yin gawayin ba magani ne na sha-yanzu ba. Yankan kachala aiki ne na tsayuwa cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku, ga tsargiya, gawayin kuma sai ya yi gogayya da na itace a farashi. Duk da haka irin aron injin ne, ba irin na dam ba: ganga maƙerin gari zai ƙera ta, mai saye kuma yana nan, tunda itacen girki tsada yake ƙarawa a Jigawa. Manyan injinan yashe kogi kan share mashiga su tafi, kachala ta sake tofowa a bayansu, amma mai gawayi gobe da asuba zai dawo da laujensa.