Turmin Nakiya da Kwalin Cakulan

A bazarar da aka sa ranar auren ƙanwata, ta ƙudura yi wa angonta wata bajinta da ba a saba gani ba a gidanmu na Anka. Ta sayo garin koko na gwangwani da madarar gari da sukari da bota, ta narka, ta zuba a ƙananan mazubai, ta kai gidan maƙwabta masu firji. Da ya daskare ta naɗe kowace ƙwaya a takarda mai ƙyalli, ta jera a kwali, ta ɗaure da jan zare. Ni, yayanta, aka ba saƙon in kai Gummi. Kafin motarmu ta ratsa ƙasar Bukkuyum kwalin ya fara naso, da na isa kuwa abin da na miƙa ya fi kama da kunu. Da na dawo da labari kakarmu ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "Ke 'yar nema, abin da ba shi kai Gummi da rai, shi za ki aza ma soyayya?" Wannan tambaya ce ta sa na bi sawun abin da mutanenmu suka daɗe suna ɗora wa soyayyarsu.

Cakulan dai baƙo ne mai doguwar tafiya. Mutanen Meziko na dauri sun sha koko da ɗacinsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16 aka zuba masa sukari. Sai a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya fitar da shi a dunƙule, a 1875 kuma Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara. Daga nan masu sayarwa suka sa shi a kwalaye masu ado, ya zama kyautar masoya. Man da ke cikinsa yakan narke da zafin da bai kai na jikin ɗan Adam ba, wajen digiri 34. A ƙasar sanyi daɗinsa ke nan, ya narke a baki. A Anka kuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura 40, nan aibinsa yake.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne masana tsirrai sun sa koko da goro a dangi ɗaya. Ashe ɗan'uwan baƙon ya riga shi zuwa gidanmu da ɗaruruwan shekaru. Bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka a ƙarni na 19. Ƙarnin nan ne kuma na bunƙasar fataucin Gwanja, lokacin da ayarin jakuna ke tashi daga Kano da Katsina, wasu su biyo yamma ta kasuwar Jega, su ƙetare Kwara har Salaga, su kwaso goron Asante. Tafiyar watanni ce, kuma goro ba ya son iska, don haka fatake suka ƙware da naɗe shi a ɗanyen ganye cikin huhu, suna kwancewa a hanya suna tsince wanda ya lalace. Abin da aka sha wannan wuya a kansa shi ya cancanci a kai gidan surukai. Har yau da ƙwaryar goro, wato ƙwaya ɗari, ake buɗe bakin neman aure.

Amma goro da toshi saye ake yi, kuma daga wajen namiji suke fitowa. Zaƙin da aka yi da hannu daga ɓangaren mace yake tasowa, kunya kuma ba ta barin ta miƙa da kanta. Da azumi ko da salla ƙannenta ke kai wa saurayi kwano, in an ɗaura aure kuma iyayenta su kai gara: alkaki da dubulan da nakiya. A ganina nakiya ce sarauniyarsu, don ita ta amsa tambayar kakarmu tun kafin a yi ta. Ana jiƙa shinkafa, irin wadda fadamun Gummi ke bayarwa, a daka, a tankaɗe, a soya garin har ya bar ɗanyenta, sannan a mayar turmi a kirɓa da zuma da mai da citta da kanumfari da masoro. Babu ruwan da ya rage a cikinta, shi ya sa takan yi watanni ba ta canza ba. Amarya kan ɓoye tata a ƙuryar ɗaki tana gutsura wa miji da baƙi, wata har ta haihu da saura.

Zuma ce zaƙin farko, mazarƙwailar rake ta biyo, sukarin kanti ya zo ya kore su don arha. Mazubi ma haka ya yi ta sauyawa, daga ƙwarya da faifai zuwa samira da fanteka, yau kuma bokitin roba da leda. Turmi ne kaɗai bai sauya ba, sai da shekarar 2010 ta zo.

A shekarar nan likitocin sa-kai na ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gane Bagega ma tana ciki. Farashin zinare ya tashi a duniya, maza suna haƙo dutse su kawo gida, ana niƙa shi a injin hatsi, mata suna daka shi a tsakar gida. Dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, aka rasa yara sama da 400. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, Bagega ba ta samu nata aikin ba sai 2013. Wata gwaggona da ke aure a wajen tana da turmin da ta gada daga mahaifiyarta, wanda aka kirɓa nakiyar aurenta a ciki. A cikinsa ta daka dutse damina biyu don ta tara wa 'yarta kuɗin gara. Da aka yi mata bayanin gubar, da kanta ta sa aka fitar da shi bayan gari. Ta ce mini ba ta yi kuka ba sai da ta ga gurbin da ya bari a gindin bango.

Saboda haka da ƙanwata ta haƙura da firji ta ce nakiya za ta yi, tambayar farko da kakarmu ta yi ita ce turmin wa za a ara, kuma me aka taɓa dakawa a ciki. Ƙarshe sabo aka sayo wurin masassaƙi. 'Yan mata huɗu suka wuni suna luguden taɓarya, ita kuwa da ta ga ragowar garin kokonta sai ta juye a kashi ɗaya, ya fito baƙi-baƙi. Tsohuwa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce yana da ɗan ɗacin goro, ta ƙara gutsura. Aka cura, aka jera a tsohuwar samirar mahaifiyarmu, ƙanwata ta ɗauko jan zaren nan ta ɗaure murfin. Ni na sake kaiwa Gummi, da rana tsaka, samirar a kan cinyata.