Foraminifera: Daga Lakar Teku Zuwa Dutsen Kalambaina

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a ƙasar Karaye ko Rogo ya san jerin abin da ke ƙasa: jar ƙasa, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse, daga nan diga ta ci karo da fa wanda ba ya jin lallashi. Wannan dutse ya haura shekara miliyan 500, kuma a kansa aka kafa madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Ba a yin siminti da irinsa. Shi ya sa duk buhun da magini zai farke a nan, tirela ce ta ɗauko shi daga nesa. Idan kuwa na Sakkwato ne, to abin da ke ciki ya taɓa kwana a ƙarƙashin teku.

An kafa kamfanin simintin Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967 a Kalambaina, yanzu yana hannun BUA. Abin da ya kai shi can shi ne shimfiɗar dutsen farar ƙasa da ta taru kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. A wancan zamani wani teku marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya bi ta Mali da Nijar, ya malalo har inda Wurno da Dange da Sakkwato suke a yau. Ya zo ya janye fiye da sau ɗaya. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da kada, wadda masanan Italiya suka raɗa wa sunan garin a 1972. Simintin Malbaza da ke Nijar ma daga dutsen wannan teku ake yin sa.

Amma manyan dabbobi ba su ne suka fi ba da labarin tekun ba. A cikin farin dutsen, tare da ɓawon dodon koɗi da sauran 'yan ruwa, akwai ɓawon wasu halittu da ake kira foraminifera, masu yawan da ba ya ƙirguwa. Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak: ba kai, ba baki, ba hanji. Akasarinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Duk da haka irin wannan halitta galibi takan gina wa kanta ɓawo ɗaki bayan ɗaki, sabo ya fi na baya girma, wani lokaci har ya naɗe. Wasu suna tatso sinadarin farar ƙasa daga ruwa su yi ginin, wasu kuma ƙwayoyin yashi suke tsinta su liƙa. Ta ƙofar ɓawon take fito da zaruruwa sirara, ta baza su a kan laka kamar yadda masuncin Challawa ke baza taru, ta kamo ƙwayoyin gansakuka ta jawo su ciki. Da waɗannan zaruruwa take ci, da su take tafiya, da su take gini. Mafi yawan nau'o'insu a ƙasan ruwa suke zaune.

Mutane sun daɗe suna ganin su ba tare da sanin ko mene ne ba. Strabo, masanin ƙasa na Girka da ya ziyarci Masar shekara dubu biyu da suka wuce, ya ga wasu 'yan faya-fayan duwatsu zube a gindin dalar Giza, aka gaya masa wai ragowar abincin leburori ne ya daskare. Ashe ɓawon manyan foraminifera ne, domin da dutsensu aka gina dalar. A 1826 Bafaranshe Alcide d'Orbigny ya tsara su rukuni-rukuni, amma ya ɗauka ƙananan dabbobi ne masu kai da hannuwa. Sai a 1835 Félix Dujardin ya zauna ya kalli masu rai a madubin ƙara girma, ya ga babu wata gaɓa a jikinsu. Jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya zaga tekunan duniya daga 1872 zuwa 1876 yana kwaso laka, kuma zanen da Henry Brady ya fitar daga wannan laka a 1884 har yau ana buɗa shi.

Man fetur ne ya fitar da su daga ɗakin karatu zuwa kasuwa. Tun shekarun 1920 Ba'amurke Joseph Cushman ya nuna cewa kowane zamani yana da nasa nau'o'in, don haka ɓawon da ya fito daga ramin haƙa yana faɗin shekarun dutsen da zurfin ruwan da ya taru a ciki. Da wannan dabara ake karanta rijiyoyin Neja Delta. A Arewa kuwa, ɗan Nijeriya Sunday Petters ya bi duwatsun Sakkwato a shekarun 1970. A shimfiɗar Dukamaje, wadda ta girmi ta Kalambaina, masu ɓawon yashi ne suka cika wurin, alamar ruwan fadamar gaɓa. A Kalambaina kuma masu farin ɓawo suka yawaita, alamar buɗaɗɗen teku mai ɗumi. Abin yana burge ni ƙwarai: abin da ido ba ya gani sosai shi ya zana mana taswirar gaɓar da ta ɓace.

Duk wannan ilimi a kan ɓawo aka gina shi, kuma nan ne gizo ke saƙa. Akwai wata daga cikinsu da masanin halittu Linnaeus ya bayyana a 1758 daga yashin Rimini a Italiya, wadda daga baya aka san ta da Ammonia beccarii. Shekara da shekaru, duk inda aka ga mai kama da ita, daga Japan har tafkin Legas, wannan suna ake liƙa mata. Karanta DNA ɗinsu ya yi wuya da farko, saboda cikinsu cike yake da abin da suka haɗiya, sai mai bincike ya karanto na abincin ya zaci nasu ne. A shekarun 1990 Jan Pawlowski na Jami'ar Geneva da abokan aikinsa suka gano yadda za su ware nasu zalla. A 2004 Bruce Hayward na New Zealand, tare da Maria Holzmann da Pawlowski, suka fitar da sakamakon samfura daga ƙasashe 17. Abin da ake yi wa kallon iri ɗaya ya tashi fiye da iri goma, wasu a tekuna da yawa, wasu a yanki guda kawai.

Wannan ba gardamar suna ba ce. Ana amfani da waɗannan halittu wajen auna lafiyar ruwa: idan dagwalon masana'anta ko mai ya sauka a gaɓa, nau'o'i masu yawa sukan mutu, masu taurin rai irin su Ammonia su mamaye wurin, wani lokaci ɓawonsu ya fito a karkace. Wanda ya haɗa iri goma a suna ɗaya ba zai gane wanne ya jure, wanne ya ɓace ba. Yanzu har cokalin laka ake ɗiba a karanta DNA ɗin duk abin da ke ciki, kamar yadda aka gwada a ƙarƙashin kejin kiwon kifi a Scotland.

Rayuwarsu ma ta zo da abin mamaki. A 2006 Nils Risgaard-Petersen na Denmark da tawagarsa suka nuna cewa wasu suna tara naitiret a jikinsu, sinadarin nan da ke cikin wasu takin zamani, su yi numfashi da shi idan iskar oksijin ta ƙare a laka. Wasu kuma idan sun ci gansakuka ba sa narkar da koren sashen da ke haɗa abinci da hasken rana, sai su ajiye shi yana yi musu aiki. Tsohon zancen cewa sai a ruwan gishiri suke rayuwa shi ma ya faɗi: a 1999 DNA ya nuna cewa wata halittar ruwan daɗi marar ɓawo, Reticulomyxa filosa, 'yar gidansu ce, daga baya aka tsinci sawun danginta a lakar tafkin Geneva. A ganina lakar madatsar Challawa da ta Tiga sun cancanci ɗaliban Jami'ar Bayero su yi musu irin wannan karatu.

Foraminiferan Kalambaina dai babu sauran DNA a jikinsu, shekarun sun yi yawa. Dole da ɓawo za a ci gaba da karanta su. Abin da ya taimaka shi ne, da Hayward da abokansa suka koma suka auna ɓawon kowane iri bayan DNA ya raba su, sun sami bambanci a girman ramukan jikin ɓawon, da siffar ɗakuna, da tsarin cibiyarsa. Da irin waɗannan ma'aunai ake iya komawa kan tsofaffin samfuran da aka adana a jami'o'i da gidajen tarihi, a sake tantance su ɗaya bayan ɗaya.