Kan sarki: Abin da ke sa darajarsa hawa da sauka

Kan sarki ya samo sunansa ne daga hoton kan sarakunan Ingila da ake bugawa a jikinsa. An fara amfani da shi a Birtaniya a 1840, sannan aka fitar da na Arewacin Najeriya a 1900.

Masu tara tsofaffin kan sarki kan duba ƙarancinsa da lafiyarsa kafin su yi masa kuɗi. Na fam 25 da aka buga wa Arewa a 1904, mai hoton Sarki Edward na Bakwai, yana cikin mafiya wuyar samu.

Sai dai farashi kan faɗi. Wani kan sarkin British Guiana na 1856, da aka sayar kan kusan dala miliyan 9.5 a 2014, dala miliyan 8.3 aka saye shi a 2021.

Mai saye ta gidan waya, kamar mazaunin Rafin Guza a Kaduna da ya yi oda daga Landan, ba ya ganin kayan sai sun iso, ga kuma jabu a kasuwa. Shi ya sa masana ke cewa a nemi takardar shaidar inganci, a kuma turo shi cikin wasiƙa mai rajista.