Bargon Ƙyallaye a Ajin Lissafi: Koyar da Sauyin Siffofi

Bargon ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt, ana haɗa shi ne da murabba'ai da alwatikai na yadi, a jera su gida-gida a ɗinke. Sana'ar ta yi ƙarfi a Amurka, musamman a hannun matan Amish da matan baƙar fata na ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama, waɗanda aka baje kolin aikinsu a Houston a 2002. Wannan jeri na gida-gida ya dace da filin lambobi mai layin kwance x da layin tsaye y, wanda tushensa ke cikin aikin masanin lissafi Descartes na 1637.

A kan takarda mai gidaje, ɗalibi ya zana alwatika mai kusurwoyi a (1,1), (4,1) da (1,3). Idan ya gusar da ita gida biyar zuwa dama, kowane x ya ƙaru da 5, y bai motsa ba. Idan ya juya ta digiri 90 a kan cibiya, saɓanin tafiyar hannun agogo, (x,y) ya koma (-y,x), don haka (4,1) ta faɗa a (-1,4). Ninka lambobin da 2 kuwa yana ƙara girma, faɗin kusurwoyi na nan yadda yake.

Amfanin ƙyalle ya fi fitowa wajen kifewa. A takarda ƙa'idar ba ta da wuya: (x,y) ya koma (-x,y). Amma yadi yana da fuska da baya. Duk yadda ɗalibi ya gusa alwatikarsa ko ya juya ta a kan tebur, ba za ta hau kan siffarta ta madubi ba sai ya kife ta, bayan yadin ya bayyana. Tela ya san haka tun yana ɗan koyo, shi ya sa yake ninke yadi biyu kafin ya yanka hannun riga, almakashi ɗaya ya fitar da na dama da na hagu. Ɗalibin da ya gwada da hannunsa ya gane cewa kifewa na sauya ɓangare, gusarwa da juyawa ba sa yi. Tambayar me ya sauya, me ya tsaya, ita masanin lissafi Felix Klein ya mayar ginshiƙin jometiri a 1872.

Sai dai akwai sharaɗi biyu kafin darasin ya yi aiki. Dole ƙyallen farko ya zama wanda gefensa biyu ba su yi daidai ba, domin murabba'i, ko an juya shi digiri 90 ko an kife, kamanninsa ɗaya, bambancin ya ɓuya. Sannan kowane gida da aka ɗinka a rubuta ƙa'idarsa da lambobi a gefe. Ajin da ya tsaya kan zaɓen launi da ɗinki, ɗalibai ba su rubuta lambobin ba, bai cika darasin lissafi ba tukuna.