Asalin tirela da farantin da ke ɗaukar ta

Yawancinmu da ke loda kaya daga Kwatano zuwa Maraɗi ko daga Kano zuwa Damagaram ba mu taɓa tambayar inda tirela ta samo asali ba. A 1914, a birnin Detroit na Amurka, wani mai sayar da katako ya nemi maƙeri August Fruehauf ya ƙera masa abin da zai ja jirgin ruwansa da ƙaramar mota Ford Model T. Maƙerin ya yi amalanke mai ƙafafu a baya kaɗai, ya ɗora gabanta a kan motar. A 1918 sana'ar ta zama kamfani.

Dabarar tana wurin haɗin. Farantin ƙarfen da bodi ke hawa yana zaune ne daidai saman ƙafafun baya, saboda haka nauyi na danne taya a ƙasa maimakon ya ɗaga gaban mota. Har yau manoman Amurka na kafa irin wannan faranti a bayan tsofaffin akori-kura masu dizal, su ja dabbobi da ciyawa. Injin yakan ja, ko da hayaƙi. A gangare ake gane gaskiya, inda birki ke zafi, kaya na turo mota daga baya.

Mu ma abin da ya cinye mana hanyoyi da direbobi ke nan, lodi fiye da ƙima. A 2005 ƙungiyar UEMOA ta fitar da doka mai lamba 14, wadda ta tsayar da tirela mai layin ƙafa shida a kan tan 51.