Tarihin Akwatin Wasan Pong

A wannan 'yar maƙala ina so in waiwayi tarihin wani akwatin katako da aka harhaɗa da hannu a Amurka a 1972, domin a ganina akwai darasi a cikinsa ga duk ɗalibin da ke sha'awar ƙirƙira.

Tun a 1971 Nolan Bushnell da Ted Dabney suka fito da wata na'urar wasa mai suna Computer Space, irin wadda ake jefa wa kuɗi a yi wasa a fuskar talabijin. An ƙawata jikinta ainun, har ta yi kama da kayan 'yan sama-jannati. Amma fa wasan yana da wuyar koyo, saboda haka bai karɓu a mashaya ba yadda aka so.

Da suka kafa kamfanin Atari a 1972, sai Bushnell ya ba wani matashin injiniya, Allan Alcorn, aikin gwaji: wasan ƙwallon tebur na mutum biyu. Alcorn ya sayo talabijin baƙi-da-fari ƙirar Hitachi a kanti, ya saka ta cikin akwatin katako, ya haɗa wayoyin da hannunsa, ya kafa maburgi biyu na murɗawa da ramin jefa kuɗi. Inda ya ɓata lokaci kuwa shi ne tsarin wasan. Ya kasa sandar bugu gida takwas, yadda inda ƙwallo ta taɓa shi zai nuna inda za ta nufa, ya kuma sa tana ƙara gudu in bugu ya yi tsawo.

Aka kai akwatin wata mashaya a Sunnyvale, cikin jihar Kalifoniya. Ba a daɗe ba mai wurin ya aiko cewa na'ura ta tsaya. Da Alcorn ya buɗe, ashe kuɗi ne suka cika ma'ajin har suka toshe hanya.

To, jama'a, me ya bambanta na'urorin nan biyu? Ni dai abin da na fahimta shi ne, a ta farko an fi kula da kyan jiki, a ta biyu kuwa an yi tunanin mutumin da zai tsaya gabanta, wanda bai zo da niyyar karanta dogon bayani ba. Hausawa na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk wanda zai zana irin wannan akwati, kafin ya kira kafinta, ya fara tambayar kansa wa zai yi wasan, kuma a ina.