Chris Seydou, Telan Da Ya Ɗaga Darajar Saƙin Mali

A wannan ɗan rubutu ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga wani tela mutumin Mali, Seydou Doumbia, wanda duniya ta sani da Chris Seydou. An haife shi a Kati cikin 1949, ya koyi ɗinki tun yana yaro, sannan ya tafi Faris farkon shekarun 1970, ya yi aiki a gidajen ɗinkin Turawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya waiwayi bogolan, wato saƙin Bambarawa. Maza ke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, mata su jiƙa shi cikin ruwan ganye, su zane shi da tsimammen taɓo har ya yi baƙi. A da maharba da masu jego ke sa shi, 'yan birni kuwa suna ganin kayan ƙauye ne. Seydou ya ga zanen ya cika cunkoso, ba ya yankuwa, sai ya sauƙaƙa shi, ya ɗinka kwat da siket da huluna. Nan da nan masu raina shi suka shiga nemansa.

Ya koma Bamako a 1990, ya rasu a 1994. Abokin aikinsa Alphadi na Nijar ya kafa bikin FIMA a 1998.

To jama'a, mu ma muna da saƙi da marinar Ƙofar Mata. Wa zai yi musu abin da Seydou ya yi wa bogolan kafin masaƙanmu su ƙare?